Yajin Kano a Gidan Tsiren Japan

Laraba: Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na kulle ƙofata a Kurna. Jirgin sai ɗaya na rana, amma ba na son a jira ni. A wajen bincike ma'aikaci ya zaro ƙullin leda daga jakata.

"Baba, wannan fa?"

"Yaji."

Ya shinshina, ya yi atishawa, ya mayar.

Shekara talatin da takwas ina tsire a bakin tasha. Gobara ta cinye rumfata sau biyu. Da tsiren na yi jinyar matata har ta rasu, da shi na kai ɗana Aminu makaranta. Yanzu yana koyarwa a jami'a a Malesiya, ya auri 'yar can, suna da 'ya ɗaya. Shekara tara rabona da shi.

Alhamis: Kuala Lumpur

Mun sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka bayan la'asar. Aminu ya yi ƙiba, ya sa gilashi. Jirgin ƙasa ya kai mu cikin gari a minti talatin, wani jirgin ya ƙarasa da mu unguwar Pantai Dalam. A hanya ya ce, "Baba, jibi surukina Haji zai kai mu cin abinci. In ya tambayi sana'arka, ka ce kasuwanci."

Na ce to.

Asabar: gidan abincin

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga. Kujeru goma ne kacal a gaban dogon teburi, bayansa wani dattijo Bajapane da tukunyar mai. Na tambaya ko akwai alade. Haji ya ce babu, ya bincika.

Kushikatsu suke kiran abincin. Tsire ne, sai dai ana tsoma shi a ƙullu, a mulmula a garin burodi, a soya. Tsinke ɗaya-ɗaya dattijon yake kawowa: jatan lande, naman sa, kuɓewa, ƙwan salwa. Gaban kowa akwai miya uku da gishiri. In ya ajiye tsinke, inda gindinsa ya nuna nan za ka dangwala. Ba ya surutu. Ba ya kallon agogo, kunne yake sa wa man. Haka maigidana da ya koya mini aiki yake sauraron kitse a kan garwashi. Allah ya jiƙansa.

Naman ya yi laushi, amma baki na neman wani abu. Na zaro ƙullina daga aljihu na barbaɗa.

Kowa ya juyo ya kalle ni.

"Baba, don Allah," in ji Aminu ƙasa-ƙasa. "Ba a yin haka a nan."

Dattijon ya ajiye abin tsamo nama ya matso. Bai kalli yajin ba. Hannuna ya kalla: tabon ƙuna, yatsu babu gashi. Ya miƙo nasa kusa da nawa. Duk tabon ɗigon mai ne. Ya yi tambaya da Turanci. Haji ya juyo wajen Aminu yana jiran amsa.

Aminu ya cire gilashi ya goge. Sannan ya yi magana mai tsawo.

"Me ka ce musu?"

"Na ce mai tsire ne kai. Na ce hayaƙin rumfarka ne ya kawo ni ƙasar nan."

Na ce, "Ci abincinka, zai huce."

Dattijon ya lakaci yajin, ya yi tari har da hawaye. Ya ɗauko ƙaramin faranti ya zuba, ya jera shi kusa da gishirinsa. Tsinken naman sa na gaba, gindinsa yajina ya nuna. Haji ya ci uku yana share gumi yana cewa, "Boleh, boleh!" wato ya yi.

Dawowa

Sati biyu na yi. Daren Juma'a muka tashi, azahar ɗin Asabar na sauka Kano. Ina shiga gida waya ta yi ƙara.

"Baba, ka isa? Gobe in ka hura wuta ka sa a ɗauke ka hoto a rumfa. Jikarka nake so in nuna wa."

Da safe na wanke teburin rumfata sau biyu.

Na gode wa Haji da iyalinsa, da dattijon da ban san sunansa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni, ya dawo da ni lafiya.