Tutar Auta

A bayan ɗakin karatu na jami'a, tsakanin mai hoto da mai gyaran takalmi, akwai wani ɗan shago da ƙarar keken ɗinki ba ta yankewa a cikinsa. Mai shagon ya tsufa yana ɗinka rigunan yaye ɗalibai, har ma'aikata suka manta sunansa, kowa sai Baba Tela. Allah ya ba shi hannu, ya kuma ba shi taurin kai, kuma in gaskiya za a faɗa ya fi alfahari da na biyun. 'Ya'yansa sun girma sun watse, saura Auta, wadda ke karatun jinya a jami'ar. Tun da idonsa ya fara rauni, ita ke biyowa tsakanin darussa ta zura masa zare a allura. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ranar da za ta daina biyowa.

Sai aka ce masu tantancewa na tafe, wato kwamitin da ke duba jami'a ya ce ko shaidar karatunta za ta karɓu a wasu ƙasashe. Aka shiga fenti da shara. Darakta mai kula da baƙin ɗalibai ta kawo masa aikin tutoci, kowace ƙasar da baƙin suka fito da tata, ta nuna masa hotunansu a waya. Ko kallon kirki bai yi wa wayar ba. Ya ce waya maƙaryaciya ce a kan launi, shi ba ya ɗinka tuta sai mai ita na zaune, ya zaɓi yadin da hannunsa. Darakta ta yi mita har ta gaji, sannan ta fara turo masa ɗalibai.

Shagon ya zama dandali. Wannan ya ce shuɗin ya yi duhu, waccan ta ce tauraron ya kwanta, 'yan gida suka fara leƙowa jin gardama, suna tafiya da abokai. Baba Tela ya koyi gaisuwa da harsuna iri-iri, kuma ba wadda bai karya wa wuya ba. Yana son yaran nan ƙwarai. Amma duk wanda ya fita, sai ya girgiza kai ya ce wasu iyayen dai ba su da tausayi, su turo ɗa nesa haka.

Kwamitin ya zo, ya zagaya, ya yaba, amma ya kafa sharaɗi: ba za a ce jami'a ta buɗe ƙofa ba in shigowa kawai ake yi, dole nata ɗaliban su ma su fita su yi zangon karatu a waje. Aka zaɓi rukunin farko, Auta na ciki, abin da ya rage kawai amincewar mahaifi.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce ashe da hannunsa ya ɗinka abin da zai raba shi da 'yarsa. Darakta ta zo da kanta, ya ba ta kujera, ya tambayi mutan gida, amma ya ƙi ba ta amsa. Auta ba ta yi masa musu ba, don ta san halin kayanta. Ta ci gaba da zura zare kamar ba a yi komai ba, sai dai dariyarta ta ragu, kuma ya lura.

Ana gab da rufe karɓar amsa, Auta ta shigo da wata tuta a leda. Ta ce jami'ar da za a je a waje ta nemi a zo da tutar ƙasa, shi ne ta sayo a kasuwa don ta ba wadda za ta maye gurbinta. Ta ajiye a kan tebur kusa da almakashi.

Baba Tela ya warware ta. Yadi ne shara-shara kamar abin tace koko, launin ya koɗe tun ba a rataya ba, kalmasar ta karkace, zare na reto. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya tuno yadda yaran nan ke shafa tasu in ya gama, wasu har da ƙwalla, kuma ba ɗayansu da ya yi kama da wanda aka jefar. Ya jawo yadi mai kyau daga ƙasan kantar shagon, ya shimfiɗa, ya ɗauki alli.

"Zauna," ya ce. "Kin san ba na ɗinka tuta sai mai ita na zaune."

"Baba, ai wadda za ta tafi ce mai ita."

"Na sani. Zauna na ce."

Ta zauna, idonta ya ciko. Da ya zo kan keke, ta miƙa hannu za ta zura masa zare kamar kullum, sai ya riƙe hannun.

"Bari, 'yar nan. Gara in fara koyo tun kina kusa."

Ya lashi bakin zaren, ya matso da fuska, ya kuskure. Ya sake kuskurewa. Bai ɗago ba, ita ma ba ta motsa ba, har zaren ya shiga.