Safar Hannuna da Zabin Dajin Moriki

Mun tashi da asuba, ni da taubashina, ɗan ƙaramin kawuna da ke ɗinki a nan Ƙaura, amma ba mu bar tasha ba sai da rana ta ɗaga. Yanzu babu direban da ke son ya zama na farko a hanyar Shinkafi. Jira ake yi motocin can su fara shigowa, a tambaye su, su ce hanya lafiya, sannan a ɗunguma. Muka zauna kan benci muka sayi koko da ƙosai. Ƙosan tasha dai kullum ƙanƙancewa yake yi, har taubashina ya ce nan gaba da cokali za a riƙa auna mana shi kamar magani.

Dalilin tafiyar shi ne saƙon Kawu, yayan mahaifiyata. Tsohon maharbi ne, ya baro ƙauyensu da ke wajen Zurmi tun da zaman can ya gagara, ya dawo Moriki da iyalinsa. Ya aiko cewa zabin daji sun yi yawa a gonakin bayan gari, tunda an daina shiga farauta, kuma suna yi wa dawarsa ɓarna. Ya ce in zo mu kama, ya kuma ce kada in kawo masa uzuri.

Uzurin da yake nufi kuwa hannuwana ne. Ku da kuke bibiyar tafiye-tafiyena ba ku san wannan ba. Shekarun baya fatar hannuna ta fara yin fari, daga kan yatsu, a hankali har ta kai wuyan hannu. Tsofaffi suna ce masa albaras. Likita ya ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ba ta kuma ciwo. Amma ba kowa ne ya je wurin likitan tare da ni ba. Na sha miƙa hannu a gaisa mutum ya dunƙule nasa ya kai ƙirji. Daga nan na sayi baƙar safar hannu irin ta masu babur, na mai da ita kamar hula, ba na fita sai da ita. Abinci kuma a waje sai da cokali ko tsinke. Na rage zuwa biki da suna, har gidan Kawu na daina zuwa.

Motarmu ƙarama ce, an cusa mu huɗu a baya. Kuɗin mota ya kusan ninka abin da na sani. Hanya tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma direba sai ya sauka gefe ya bi sawun waɗanda suka riga shi. Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai. Abin da na lura shi ne gonakin bakin titi ne kawai aka noma. Da ka ɗaga ido can ciki sai ciyawa da sabara, inda da can damman hatsi ake jerawa. Babu mai yawan magana a motar. Wata tsohuwa tana jan carbi, direba ya rage rediyo.

A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya kan hannuna. Cikin ladabi ya ce in cire safar. Ban ga laifinsa ba, mutum cikin zafin hantsi da baƙar safa a wannan hanya dole a tambaye shi. Na cire. Ya duba, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga mana hannu. Mutumin da ke gefena ya ɗan janye gwiwarsa, duk da babu wurin janyewa. Na mai da safata, na juya ina kallon taga.

Mun wuce Moriki ba mu sauka ba, don Kawu ya ce mu fara kaiwa Shinkafi mu sayo masa igiyar raga, tasa ta ruɓe. Ranar kasuwa ce. Waɗanda suka tsufa a cikinta suna cewa ba ta kai rabin yadda take a da ba, amma ni da na daɗe ban je ba sai da na ɓata. Ga albasa, ga busasshen kifi, ga tabarmi, ga 'yan Nijar da rawunansu suna cinikin awaki. Muka sami igiyar a layin masu kayan kamun kifi. Taubashina ya ja ta, ya cije ta da haƙori, ya yi ciniki kamar zai sayi raƙumi. Muka ci hoce, wainar dawa ta mutanen yankin, da ƙuli a wata rumfa, muka sha fura mai sanyi, muka kama motar dawowa tun kafin azahar ta wuce, don babu mai son la'asar ta same shi a hanya.

Kawu yana zaune a ƙofar gida yana gyaran raga muka iso. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, amma idonsa na nan. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa hannu da safar. Bai karɓa ba.

"Ɗana, da wa zan gaisa, da kai ko da wagga aba?"

Na cire. Ya kama hannun da nasa biyu, ya juya shi, ya duba ciki da baya kamar mai duba ƙwarya a kasuwa.

"Yana ciwo?"

"A'a, Kawu."

"Yana riƙon abu?"

"Yana riƙo."

"To mi ya rage?" Ya sake ni, ya ce a kawo mana ruwa.

Da yamma ya nuna mana yadda farautar take. Bindiga dai babu zancenta, ya ce wanda duk aka gani da ita a bayan gari yanzu, kafin ya yi bayani an gama da shi. Raga ce ake ɗaurawa a kan wani zagayayyen itace mai faɗi, a tokare gefe ɗaya da sanda, a zuba dawa a ƙarƙashi. Igiya tana tafiya daga sandar zuwa inda mutum ya ɓuya. In zabi sun shiga suna ci, sai a fizge. Shi hannunsa ya fara rawa, taubashina kuma ba ya iya zama shiru ko na ɗan lokaci, saboda haka ni aka ba igiya.

A nan gardama ta tashi. Taubashina ya ce ya ga Turawa masu farautar talotalon daji a waya, kowannensu da safar hannu, saboda tsuntsu yana hango motsin hannu daga nesa. Ya ce in bar safata, ta ma yi daidai. Kawu ya ce shi bai san talotalon daji ba, na gida kawai ya sani, shi ma bai ga abin farauta a jikinsa ba. Amma igiya da fata ake jin ta. In ta yi sanyi da raɓa, ta cikin safa za ta zame, kuma mutum ba zai san lokacin da ta ɗame ba. Suka yi ta yi har aka kira magariba. Ni ban sa baki ba, don na san ba zabi kaɗai ke ran Kawu ba.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, muka fita. Sai da muka tsaya wurin masu gadin gari Kawu ya gaya musu inda za mu, suka ce kada mu wuce fadama, kuma mu dawo kafin hantsi. Gonar ba ta da nisa, ana hango hasumiyar masallaci daga cikinta. Raɓa ta jiƙa mana wando har gwiwa. Muka kafa raga a gefen dawa, muka shige cikin wata sabara mai duhu, ni a gaba da igiya, hannu tsirara kamar yadda Kawu ya ce.

Na manta rabon da in zauna shiru haka. Kurciya tana kuka, hayaƙin girki yana tashi daga gari. Can sai Kawu ya haɗa hannu a baki ya yi kukan zabuwa, har na waiga in tabbatar shi ne. Ba a daɗe ba aka amsa daga cikin ciyawa. Suka fito a jere, sun fi na gida tsawon ƙafa da sheƙi, babban yana gaba yana ɗaga kai yana dubawa. Sun kusa raga ke nan wani ƙuda ya sauka a kan hancina. Na ɗaga hannu kaɗan in kore shi. Babban ya yi ƙara ɗaya, garken duka ya tashi, sai ƙarar fukafukai.

Na dubi hannuna a cikin duhun sabarar, fari fat kamar an ajiye takarda. Na ji abin da nake ji in an ƙi karɓar gaisuwata. Har tsuntsu ma, na ce a raina.

Kawu ya daɗe yana kallon inda suka bi, sannan ya ce, "Laihina ne. Na yi shekaru ina wanga aiki da baƙin hannu, ban taɓa tunanin abin ba. Abokin wasanka ya yi gaskiya." Taubashina ya buɗe baki zai yi murna, Kawu ya ce, "Rabin gaskiya."

Da muka koma gida ya ce in kawo safar. Ya ba taubashina, tunda shi ne tela, ya ce ya yanke kan babban yatsa da manuni na hannun dama, ya ƙulle bakin kada ya warware. Na so in hana, don ita kaɗai na zo da ita, kuma ga tafiyar komawa gida a gabana. Amma ba a musu da Kawu a gidansa. Ina kallo almakashi ya shiga.

Kashegari muka koma, muka canja wuri zuwa ƙasan gonar, kusa da fadama. Wannan karon sun daɗe ba su zo ba, har rana ta fara taɓa kan dawa, Kawu yana duban sama yana lissafin lokacin da aka ba mu. Da suka fito ban motsa ba. Hannuna baƙi ne a cikin inuwa, yatsu biyun da ke waje na ɓoye su a ƙarƙashin igiya. Ina jin sanyinta, ina jin yadda take ɗan rawa in iska ta taɓa raga. Na farko ya shiga, na biyu ya bi shi. Kawu ya taɓa bayana da yatsa, na fizge. Raga ta faɗi, sauran suka watse, uku suna ta bugun ƙasa a ciki. Taubashina ya ruga ya faɗa kansu, ƙaya ta kama masa riga, ya fito yana cewa dama shi ya kamata a ba safar. Kawu ya yi bisimilla ya yanka su a wurin.

Matar Kawu ta yi tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, ta zuba naman. Kawu ya kira maƙwabtansa, dattawa uku, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ajiye akushi ɗaya a tsakiya. Na laluba aljihu zan ciro cokalina. Kawu ya miƙo mini ruwan wanke hannu.

"Wanda ya kamo nama shi ka fara sa hannu," ya ce.

Na cire safar, na wanke hannu, na yanki loma. Biyu daga cikin dattawan suka sa hannu ba tare da sun dube ni ba. Na ukun ya tsaya, ya ce shi ya riga ya ci a gida. Kawu bai roƙe shi ba, bai kuma yi masa faɗa ba. Ya dai sa nasa hannun daidai inda na yanka, ya ci gaba da ba da labarin yadda na ɓata musu farautar jiya saboda ƙuda. Aka yi dariya. Can cikin hira sai na ga dattijon ya matso, ya ce bari dai ya ɗanɗana romon, an daɗe ba a ga zabon daji ba. Daga gefensa ya ci, nesa da nawa, amma ya ci. Naman yana da tauri, ya fi na gida ƙamshi, kuma ni dai na daɗe ban ji daɗin tuwo irin na ranar ba. Ashe cokali yana rage wa tuwo wani abu.

Da za mu tafi Kawu ya rako mu bakin titi, ya ba ni zabo ɗaya da aka soya in kai wa iyali. Ya ce in dawo kafin a yanke dawa, kuma in zo da safar, don zabi ba su san uzuri ba. Na sa ta a jaka. Har muka iso Ƙaura hannuna a waje yake, a kan gwiwata. Wata mata ta yi ta satar kallo, wani kuma da na miƙa masa kuɗin mota don ya wuce da su gaba, da gefen yatsu ya karɓa. Ba zan ce ban ji ba. Na ji, sai dai bai kai yadda na saba ji ba.

Wanda ya tambaye ni yanzu ko a sa safar hannu wurin farautar zabi, zan ce a sa, musamman in hannun mai haske ne, amma a bar yatsu biyu a waje don igiya. Abin da tafiyar ta koya mini kuma shi ne na daɗe ina ɓuya a inda bai kamata ba. Tsuntsu ne ya wajaba in ɓoye wa hannuna, don shi ba a yi masa bayani. Mutum kuwa ana iya zama da shi a kan akushi ɗaya har ya saba.

Mun shiga gida ana kiran la'asar. Maigadin layinmu, wanda shekara da shekaru nake ɗaga wa hannu daga nesa, ya taso yana yi mini sannu da zuwa. Na ajiye jaka na miƙa masa hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya kama, ya ce, "Malam, ashe kana da hannu."