Abarbar Mai Majigi

Faɗanmu na farko da Mai Majigi a kan abarba ne. Ya tsaya gaban teburina ya ce kayana sun cinye masa nama. Na ce shekara arba'in ina sayar da kayan marmari, ban taɓa ganin abarba da haƙori ba, ya je ya nemi wadda zai raina.

Shekara talatin ya yi yana haska fim a siliman ƙarshen layinmu, daga wani ɗan ɗaki mai taga kamar ta kurkuku. Da aka mai da gidan ma'ajiyar tayoyi, sai ya kafa kasko kusa da ni. Akwai fim ɗin da ya haska fiye da sau ɗari, inda wani yake cin boga a bakin teku, niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi, da abarba. Irin wannan bogar ya ce zai sayar. 'Yarsa kuwa ta rantse in kaskon bai kama ba kafin ƙarshen wata, za ta kwashe shi zuwa gidanta ya zauna gaban talabijin. Ya ce mini wannan kabari ne mai fanka.

Kwana tara ba mai sayen da ya dawo karo na biyu. Na leƙa robarsa, na tarar yana kwaɓa abarba cikin naman tun asuba, kafin rana ya zama kunu. Na tambaye shi haka suka yi a fim ɗin? Ya sunkuyar da kai. Ashe daidai lokacin girkin ne faifai yake ƙarewa, ya juya baya yana ɗora na biyu. Sau ɗari, bai taɓa ganin wurin ba.

"Kai dai an yi tsohon banza," na ce. "Matsa."

Na yanka abarbar fale-fale, na gasa ta ita kaɗai har ruwan ya tsane, gefen ya yi ja, sannan na ɗora bisa naman. Ranar da 'yar ta zo da mota, ta ci biyu a tsaye, ta goge baki, ta koma ita kaɗai.

Shekara huɗu ya ƙara a kan kaskon, sai da gwiwoyi suka ƙi, shi da kansa ya kira 'yar. Yana shiga mota ya leƙo ya ce, to Iya, abarba tana cin nama ko ba ta ci?

Na ce, "Tana ci. Amma in ka gaya wa wani na yarda, zan ƙaryata ka."