Malama Anya da Ƙwayoyin da Ta Hana Abinci

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta riga ta sa farar rigarta, ta buɗe firji, tana ɗaga kwalabe tana harararsu kamar sun yi mata ƙarya jiya. Malama Anya ke nan. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Ka ce an goge tebur, ta ce, "Anya kuwa?" Ƙanenta ya rantse mana ko gishiri ta saya sai ta lasa kafin ta yarda.

Aikinta kiwon ƙwayoyin bakteriya domin gwaji. Kowa yana ciyar da nasa su ƙoshi, ita kuwa ta ware wasu a ruwa zalla, ta bar su da yunwa mako da makonni. Mun sha gulmarta. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce mugunta.

Sai ga gudawa ta ɓarke a ɗakin jarirai. Aka gwada injin wanke kwalaben madara da ƙwayoyinmu na kullum, ruwan zafinsa ya kashe su kaf. Tunda inji lafiya lau, ido ya koma kan Inna mai wanki, dattijuwar da ke riƙe da jikoki marayu. Aka fara raɗe-raɗin ba ta sa kwalaben a inji, ɗauraya kawai take yi. Aka ce ƙarshen wata ta tattara kayanta.

Inna ta sami Malama a bakin famfo. "'Yar nan, wallahi ina sawa."

Malama ta dube ta sama da ƙasa. Ita ma ba ta yarda da Inna ba. Amma injin ma bai kwanta mata ba.

"Da waɗanne ƙwayoyi kuka gwada?" ta tambayi shugaban sashe.

"Namu mana."

"Ranka ya daɗe, waɗannan 'yan gata ne. Ƙwayoyin da ke maƙale a bututun ruwan injin nan, wa ke ba su abinci? Ƙwaya in ta sha yunwa, sai ta daina hayayyafa ta ɗaure jikinta. Zafin da zai kashe ƙosasshiya, ita sai ta shanye shi. Har maganin wanki ba ya saurin cin ta."

Ta ɗauko mayunwatanta ta sa a inji. Washegari ga su sun tsiro, ko gezau. Aka ƙara wa injin wuta, aka wanke bututun, gudawa ta tsaya. Inna ta ci gaba da aikinta, mu kuma kunya ta hana mu haɗa ido da ita.

Malama, ke ce mai zargin inji kafin ki yanke wa mutum hukunci. Jariran nan sun girma ba su san ki ba, amma mu mun sani. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, in an ce muku komai lafiya, ku sake dubawa.

Ranar da muka yi wa Malama sallamar ritaya, shugaba ya ce kada mu damu, za a samo kamarta. Daga can baya Inna ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Anya kuwa?"