Neman mijin Ƴar Toka a bakin Komadugu

Sallar asuba kawai muka jira. Ana sallamewa, dokar hana fita ta ɗaga, muka kama hanyar tasha ni da ƙawata da muke koyarwa a lakwal ɗaya, wato makaranta, a nan Diffa. Ni ina rungume da kwando lulluɓe da tsohon zane, ita tana riƙe da ledar ganyen shayi da sukari da goro. Masu tambayata a waya ina na shiga ranar Asabar, ga amsarku: neman mijin zomanyata na je, har bakin Komadugu. Ku yi dariyarku ku more, ƙawata ta riga ku tun daga ƙofar gida.

Ga yadda abin ya faro. Maƙwabciyata Ya Falmata, mutuniyar Damasak ce da rikicin nan ya koro, ta yi shekaru a unguwarmu tana kiwon zomaye biyu, mace da namiji. Da ta yanke shawarar komawa gida, sai ta yi abin da kowace mace mai mutunci take yi, ta raba kayanta ga mutanen arziki. Wannan ta samu turmi, waccan randa, don kada wata ta ce an manta da ita. Da aka zo kan zomaye, ta ba ni macen, wata mai launin toka da nake kira Ƴar Toka, namijin kuma ta aika wa wata aminiyarta a matsugunin ƴan gudun hijira da ke kan hanyar Maine-Soroa. A cikinmu babu wanda ya ga aibun hakan. Da ta ba mutum ɗaya duka biyun, da mu ne za mu fara cewa ta yi son kai.

Na yi murna kamar an ba ni saniya. Na sa aka ƙera mata keji, na saya mata salati da karas, abin da ni kaina sai ranar albashi nake gani. Amma baiwar Allah nan sai ta koma lungu ta takure. Yau ta ɗan gutsuri ganye, gobe ta shinshina ta juya baya, har na fara jin ƙashin bayanta in na shafa ta. Na kai ta wurin likitan dabbobi, ya dudduba bai ga ciwo ba, sai ya tambaye ni ko da can ita kaɗai take zaune. Da na ba shi labari ya ce zomon da ya saba da ɗan'uwansa yana iya barin abinci in an raba su, kuma cikin zomo in ya tsaya kwana ɗaya ko biyu, sai dai wani ba shi ba. Ranar Juma'a ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba. Shi ya sa Asabar ta same mu a tasha.

Tun da aka hana hawa babur, tafiyar da a da ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo kafin shayi ya huce ta koma tafiyar shiri. Muka samu buɗaɗɗiyar motar ɗaukar kaya da za ta je ɗauko tattasai, cike da buhunan da babu komai a ciki, muka haye muka baje a kansu kamar matan gwamna. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani, kuma direba ya so ya sa wa kwandon nawa kuɗin mutum guda. Na ce masa in fasinja ce to ya ba ta gidan gaba. Ya yi dariya ya bar zancen. Muka sayi ƙosai mai zafi da kunu a bakin tasha, sanyin safiya na ratsa zane, ni kuwa zuciyata sai tsalle take yi don na ƙudurta ba zan dawo ba sai da angon nan.

A shingen sojoji na fitar gari kowa ya sauka da katinsa a hannu, aka jera. Yanzu a ƙasar nan rufaffen kwando ba abin wasa ba ne, kuma ni da kaina na san haka. Wani soja ya tsaya daga nesa ya ce in ajiye a ƙasa in buɗe a hankali. Na ajiye, na yaye zanen, sai ga kunnuwa biyu sun miƙe. Ya matso ya leƙa, ya ce ina katinta. Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya, har da wani dattijo da tun tasha bai ce uffan ba. Sojan ya ce su ma a gidansu sun yi kiwon zomo, ya gargaɗe ni kada in bari rana ta buge ta, muka wuce.

Wanda ya daɗe bai bi kwaltar nan ba zai sha mamaki. Hagu da dama bukkoki ne na zana da tamfol, sun zama garuruwa sosai, da masu shayi, da teloli, da masu cajin waya, da mata masu tallar bandar kifi da dabinon Maine. Mutane ne da aka taso daga bakin kogi da tsallakensa, sun zauna a kan rairayi sun ƙi mutuwar zuciya. A ɗaya daga cikin matsugunan nan muka sauka. Ƙawata Babarbariya ce, ita ta shiga gaba tana ta gaisuwar “wushe, wushe”, ni ina biye da Hausata ta Damagaram. Matambayi ba ya ɓata, cikin ɗan lokaci aka kai mu bukkar aminiyar Ya Falmata.

Ta tarbe mu da ruwa da tabarma, amma da muka faɗi abin da ya kawo mu sai ta riƙe haɓa. Zomon ba ya nan. Ta ce a rairayin nan ko ɗanyen haki babu, ga karnuka suna zagaya bukka, shi ya sa kwana uku da zuwansa ta aika wa mahaifinta da shi can ƙauyensu na bakin kogi, inda ya koma noman tattasai. Na tambaye ta kai tsaye ko tsohon mai son romo ne. Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce in je in gani da idona.

Daga nan babu mota sai amalanken shanu. Muka samu wani da zai kai man injin ban-ruwa, ya ɗauke mu da sharaɗin duk abin da muke yi mu gama kafin la'asar, saboda shinge ba ya jiran kowa. Hanyar duk rairayi ce da kwazazzabai, kowace gargada sai na ji ta a ƙirjina saboda ta cikin kwandon. Ina ta leƙa ta, ina ɗiga mata ruwa a baki da yatsa, ƙawata na cewa ko ɗiyar fari ba a yi wa haka.

Sai ƙasa ta fara sauyawa. Rairayi ya koma baƙar laka, itatuwa suka yi duhu, ga ƙarar injuna ta ko'ina. Muka ratsa ta gefen gidajen da suka zube tun lokacin da aka tashi mutane, wasu an fara ɗora musu sabon jinka. Daga nan sai ja! Tattasai ne shanye a fili, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har ido ya gaji, ƙamshinsa na sa atishawa. Can ƙasa ga Komadugu cike da ruwa yana walƙiya, tsallakensa kuma Najeriya ce, kusa ƙwarai har kana hango awakin can. Na yi shekaru ina cin tattasan Diffa ban taɓa ganin inda yake kwana ba. Wallahi daɗi ya kama ni, na miƙe tsaye a kan amalanke sai da mai shanun ya ce in zauna.

Mun sami tsohon a bakin gonarsa, dogo siriri, ya naɗe ƙafar wando. Da ƙawata ta yi masa bayani, sai ya yi mana alama mu biyo shi bayan bukka. Abin da na gani ya sa na ji kunyar kejina. A ƙarƙashin wata tsamiya ya kewaye fili da ginin laka, ya binne tsohuwar randa a kwance ta zama ɗaki mai sanyi, ya rufe sama da ƙaya saboda shaho, ga kaskon ruwa, ga ganyen dankali da harawa an rataye. A tsakiya ga angon da na sha wuya dominsa, fari mai baƙin kunne ɗaya, zaune shi ma ba wani kuzari.

Ni da azarɓaɓi na ɗauko Ƴar Toka zan jefa ta ciki. Tsohon ya tare ni da hannu.

“A'a, Malama. Nan gidansa ne yanzu, ita kuma ta zo da warin wani gida. In kin sa ta, zai yage ta kafin ya gane ta.”

Ya ɗauko zana biyu ya kewaye wani wuri can gefe, inda ko ɗayansu bai taɓa takawa ba. Ya debi harawa ya goga wa namijin a jiki, ya goga wa macen ita, ya sake goga wa namijin. Na lura ba ya ɗaukarsu ta kunne yadda muka saba, sai ya tallabo ƙirji da gindi. Sannan ya ajiye su nesa da juna, ya zuba ganye a tsakiya, ya tsuguna da faifai a hannu don raba faɗa in ya tashi.

Jama'a, ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo kamar wannan ba. Namijin ya buga ƙafa a ƙasa, ya zagaya ta, ya kai mata wawura har gashi ya tashi. Na yunƙura, tsohon ya girgiza kai, na koma na zauna ina salati a zuci. Suka rabu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Matar tsohon ta kawo mana burabusko da miyar kuka da kifi, abinci mai daɗin gaske, amma ban san ta inda yake shiga ba. Can sai namijin ya matso a hankali, ya sunkuyar da kai ya tura shi ƙarƙashin haɓarta, ya tsaya. Sai ta fara lasar goshinsa, ta lashi kunnen nan baƙi, shi kuma ya lumshe ido. Ba a jima ba ya jawo ganyen dankali yana ci, ita ma ta kama ɗaya gefen ganyen. Na ga bakinta yana motsi. Na cafke hannun ƙawata na matse har ta yi ƙara, hawaye na zuba ina dariya. Ashe gaskiya ne, sabo ake yi wa kuka.

Na miƙa wa tsohon shayi da goron da muka kawo, ina ta juya yadda zan roƙe shi namijin, don kyautar da aka yi wa mutum ba a bi ta a karɓe. Sai ya riga ni. Ya ce kyautar matafiyi ba a sayar da ita, amma tunda ba sa rabuwa, in ɗauke su duka in tafi. Yana gama faɗa ya tashi ya nufi injinsa, yana ta taɓa abin da babu abin da ya same shi. Matarsa ta ce wa ƙawata da Barbarci, ita kuma ta faɗa mini a kunne, cewa shanunsa da awakinsa duk sun tafi a shekarar gudu, kuma tun da suka dawo wannan zomon ne dabba ta farko da ta kwana a gidan.

Abin da na zo nema ga shi an ba ni a hannu. Na dubi Ƴar Toka, wadda yanzu ta fara cin abinci bayan kwana da yini, na tuna gargadar amalanke da zafin mota da ke jiranta. Na tuna kejina na waya a kan siminti, na dubi inuwar tsamiya da ganyen da ake tsinkowa taku goma daga nan. Raina bai so ba ko kaɗan, ba zan ɓoye muku ba. Na bi shi har wurin injin.

“Baba, amarya ce na kawo, ba ango na zo ɗauka ba. Ka riƙe mini ita amana.”

Ya juyo ya ce, “Ƴata, in ta haihu, biyu zan aiko miki. Ba ɗaya ba.”

Ba su bar kwandon ya dawo wofi ba, sai da matarsa ta danƙare shi da busasshen tattasai. Muka kama amalanke, muka samu mota a bakin kwalta, muka tsallake shinge rana na shirin faɗuwa. Ƙawata ta yi ta tsokanata a hanya, wai ni ce mace ta farko da ta je ɗauko ɗaya ta dawo ta rasa biyu. Da na shiga gida na ga keji a buɗe, na zauna na yi kukana na gama, sannan na ɗora tukunya.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, mu mutanen kirki ne wajen rabo, amma ba komai ake rabawa ba. Duk mai ba da zomaye kyauta, ko mai karɓa, ya fara tambaya wa ya saba da wa. Kuma son dabba ba shi ne ka riƙe ta kusa da kai ba, wani lokaci sai ka kai ta inda za ta rayu ka dawo kai kaɗai.

Jiya direban motar tattasai ya tsaya a ƙofar lakwal, ya aiko a kira ni ana tsakiyar darasi. Ya ce tsoho ya ce a gaya wa Malama amaryarta ta cinye ganyen dankalin kunya guda, kuma ta fara haƙa rami a gindin randa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, sai da darektan lakwal ya fito yana tambaya wa ya haihu.