Ranar da Na Kira Sunansa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana fama da ciwon kai. Hancinsa kullum a toshe, in ya sunkuya noma sai ya ce kamar an ɗora masa turmi a goshi. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, na sha dafa masa ganye ya yi surace, duk a banza. Bayan yaƙin basasa muka bar Kademi, muka hau motar Gaya zuwa asibiti a Kano. Likita ya ce nama ne ya tsiro a cikin hancin, sai an yanke.

Aka yi masa aikin, aka fito da shi hanci cike da auduga, bai san inda yake ba. Wata nas ta ce mini, "Baiwar Allah, kira sunansa, maganin barcin zai sake shi."

Mu a lokacinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Na ce, "Malam." Shiru. Na ce, "Maigida." Ko motsi bai yi ba, ga hannunsa sanyi ƙalau. Na ɗauka tafiya zai yi ya bar ni. Sai na ja mayafi na rufe mu, na kai bakina kunnensa, na faɗi sunansa na yanka.

Ya buɗe ido a hankali, murya can ƙasa, ya ce, "Ashe kin san shi."

Na rufe fuska, ina dariya ina kuka. Ban ƙara faɗa ba har ya rasu. Yanzu kullum sai na ambace shi a addu'a, hawaye na zuba, amma babu mai buɗe ido ya tsokane ni.