Baƙo Direba, Wanda Ya Sauke Mu a Hawan Mambila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 1975, Allah Ya karɓi ran Malam Baƙo direba a gidansa da ke Haɗeja, bayan jinyar kwana tara. Ina Jahun wajen allurar shanu labarin ya iske ni. Ko da na iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Malam Baƙo, shekara goma sha uku kana jan Landirobar ma'aikatan dabbobi, ni ina gefenka da akwatin magani. Fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Auyo babu inda ba ka sani ba. In muka iso taɓo sai ka sauka, ka naɗe wando, ka taka shi da ƙafa tukuna kafin ka sa mota. Ban taɓa ganin ka wuce mai tafiya a ƙasa da kaya a ka ba, in dai akwai wurin zama. Matan rugage har sun gane ƙarar motarka, sukan fito bakin hanya da ƙwaryar nono.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar da aka ba da aron mu zuwa Mambila, cutar bushiya tana kashe shanu a can. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mu taɓa ganin hanya irin wannan ba: dutse a dama, rami mai zurfi a hagu, ga ruwan sama ya mai da jar ƙasa kamar sabulu. Sau biyu motar tana zamewa baya. Ƙanƙarar da ke riƙe maganin kuma ta fara narkewa, babu halin jira.

Ka taka birki ka ce, "Malam Shu'ibu, ku sauka ku bi ni a ƙasa."

Na ce ba za mu sauka ba. Ka dube ni ka ce, "In ta tafi, gara ta tafi da mutum ɗaya."

Mu huɗu muka bi ka cikin laka, ina ta ƙunƙuni. Ka sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, motar tana kuka tana rarrafe har ta ɓace mana a kwana. Da muka kai sama muka same ka zaune, hannuwanka sun ƙage a kan sitiyari, sai da na ɓamɓare yatsunka ɗaya bayan ɗaya. A lokacin 'yarka Zainaba kwananta arba'in a duniya. Ban yi maka godiya ba ranar, kunyar ƙunƙunina ta hana ni. Na yi ta cewa sai mun zauna, har shekara goma ta wuce.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Mairam, da ƙanenka Kawu Musa, da 'ya'yanka biyar. Allah Ya ba ku haƙuri. Zainaba, idan kin girma ki neme ni, akwai abin da zan faɗa miki game da mahaifinki.

Shu'ibu Garba Auyo